Inda Tukunyar Inna Ta Lotse

Yayana ne ya fasa tukunyar Inna, kuma har gobe cewa yake yi gida ya ceta. Ya shigo gaishe ta da hantsi, ya tarar da tukunyar a kan gas, ruwan ciki ya ƙone ƙaf, sai hayaƙi take yi. Inna tana ɗaki tana ninke kaya, ni kuma ina shagona na ɗinki da ke ƙofar gidan, ƙarar keke ta cika min kunne. Maimakon ya kashe wuta ya bar ta ta huce, sai bawan Allah ya sunkuci bokitin ruwan sanyi ya sheƙa mata. Ƙas! Gindinta ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan.

Tukunyar dalma ce irin ta zubi, mai kauri, mai kunne biyu, kuma ta girme mu duka. Marigayi Baba ne ya sayo ta tun Inna tana amarya. A hanyar dawowa ta suɓuce daga bayan kekensa ta daki dutse, gefenta ya lotse. Ta waje rami ne kamar an danna babban yatsa, ta ciki kuwa ɗan tudu. Da wannan lotson muka tashi muka gan ta, kuma ni tun ina yarinya yake ba ni haushi, don nan ne baƙi yake maƙalewa idan wanke-wanke ya zagayo kaina.

A cikinta Inna take dafa shinkafar rana. 'Ya'yana da na Yaya duk nan suke biyowa idan an tashi daga makaranta, su ci su ƙoshi, su bar mata tsakar gida kaca-kaca. Ta yi ta faɗa tana shara, amma ranar da babu makaranta sai ka gan ta sukuku. Girkin nan shi ne aikinta, shi ne hirarta.

Washegari Yaya ya shigo da sabuwar tukunya a kwali, yana tafe yana buɗa hanci. Mai baƙin shafe ce a ciki, murfinta gilashi, ba ta da nauyi ko kaɗan. Inna ta juya ta, ta shafa cikinta da tafin hannu, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce, "Allah ya yi albarka." Daga ranar shinkafar Inna ta lalace. Yau ta caɓe sai ka sha da cokali, gobe ta fito da tsatstsauran ciki ana taunawa ana jin ƙaras-ƙaras. Yara kuwa ba su iya kara ba. Ƙaramar 'yata ta ture kwano ta ce, "Inna, yau ma kin manta yadda ake yi?" Ban san lokacin da na kai mata dundu ba.

Kafin wata ya ƙare, ludayin ƙarfen Inna ya kankare baƙin shafen nan, muka fara tsintar ɓawonsa a cikin abinci. Yaya ya kira ni gefe, ya sa wannan fuskar tasa ta babban wa.

"Auta, mu gaya wa kanmu gaskiya. Inna ta fara rikicewa. Ta bar wuta a kunne, yanzu kuma girkin da ta shekara da shekaru tana yi ya gagare ta. Zan ɗauke ta ta koma wurina. Ga ɗaki a sama, ga mai aiki, ba ruwanta da wuta."

"Ka tambaye ta?"

"Tambayar me? So kike sai ta ƙone gidan da kanta a ciki?"

Ni ma tsoron ya kama ni. Da ya gaya wa Inna, ba ta yi musu ba. Cewa kawai ta yi, "To." Wannan "to" ɗin ta fi kuka ciwo. Ta daina shiga kicin, ta koma zama a bakin ƙofar ɗakinta, hannuwa a cinya. Abincin da nake kawo mata daga gidana sai ta ɗan taɓa ta rufe. Ina kallo wuyanta yana ramewa, ba ni da abin yi.

Tsohuwar tukunyar tana jingine a bayan randa, ana jiran masu sayen ƙarafa su zo wucewa. Wata rana na hango Inna ta jawo ta, ta ɗora a cinya tana shafawa kamar mai lallashin jariri. Nan na ce a raina, ko ba za ta sake girki ba, wallahi ba za ta bar gidan nan ba tare da tukunyarta ba. Na tuna akwai masu zubi a bayan kasuwa, waɗanda suke narka tsofaffin kayan dalma su mai da su sababbi.

Rumfar kwano ce, ƙasanta baƙi ƙirin da toka. A gefe guda an tara tsofaffin butoci, murafai, ƙarafan taga da buhunan gwangwanin lemo da aka tattake. A tsakiya ga tulin yashi mai laima, ga akwatunan katako marasa gindi. Wani dattijo yana zaune yana juya wilin keke da hannu, wilin yana hura wa gawayi iska. Mai zubin kansa ƙato ne mai surutu, gashin hannunsa duk ya babbake. Ya karɓi tukunyar ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya kara a kunne.

"Ruwan sanyi aka zuba mata tana da zafi," in ji shi. "Wane mugun ne?"

"Yayana."

"Allah ya shirye shi. Hajiya, wannan ai ba ta mutu ba, gajiya ta yi. Da ita kanta zan fitar da siffar. In liƙe tsagar da yumɓu, in ƙara wa gindin kauri, in binne ta a yashin nan in daddanna, in zare ta. Ramin da ta bari shi ne sabuwar. Sai in narka ta in zuba ta a gurbinta. Amma ta sha wuta ta sirance, sai kin ƙaro min gwangwani."

Na nuna masa lotson. "Wannan kuma ka cike shi. Sumul nake son ta, ciki da waje. Kada in ga ko alamarsa."

"An gama," ya ce, hankalinsa rabi yana kan wata mata da ta shigo da murfi a hannu tana masifa.

Neman gwangwani ya mai da ni abin kallo a layinmu. Ni da nake hana yara tsince-tsince, sai ga ni ina sunkuyawa a bakin kwata da leda a hannu. Mai shagon lemo da ke kusa da ni ya ajiye min kwali a ƙofarsa, duk wanda ya sha ya jefa. Matan da nake wa ɗinki suka riƙa zuwa da nasu a jaka, wata har da tsohuwar butar shayi da ta huje. Mai shara ma da ya ji dalili, sai ya fara ware min nasa. Ban roƙi yawancinsu ba, labari ne ya zaga, kuma har yau idan na tuna sai in ji idona ya kawo ruwa.

Ranar da na je karɓa, a ƙarshen makon ne Yaya zai zo da mota, an riga an ɗaure wa Inna kayanta. Mai zubin ya fito da tukunyar yana washe baki. Fara tas, tana ƙyalli, kunnuwan nan biyu kamar yadda na san su. Na juya ta, sai ga lotson nan zaune daram a inda yake, ramin a waje, tudun a ciki, ko gezau.

"Malam, wannan fa?"

Ya leƙa, ya dafe kai. "Kash! Wallahi na manta. Tsagar ce ta ɗauke min hankali. Shi yashi ba ya zaɓe, Hajiya, abin da ka ba shi, shi zai mayar maka. Ki bar ta, in sake zubawa."

Na wanke shi tas. Na ce masa abu ɗaya tak na roƙa, shi ma ya gagara, surutu kawai ya iya. Dattijon mai juya wili ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Amma babu lokacin sake zubi, dole na ɗauka haka. Ina fita yana bina da bayani kamar ba shi na gama zagi ba: in fara tafasa ruwa a ciki in zubar, in shafe ta da mai, kada a kankare ta da waya, kada a bar miya mai tsami ta kwana a ciki, kuma don Allah a nesanta ta da yayana.

A gida na tafasa ruwan na zubar, na shafa man, sannan na kai wa Inna har bakin ƙofa.

"Inna, ga tukunyarki. Ita ce dai aka narka aka sake zubawa. Ki tafi da ita."

Ba ta kalle ta ba. Hannu ta sa. Ta bi kunnuwan, ta bi baki, ta gangara ciki da yatsu. Sai na ga yatsanta ya tsaya cak. Ta koma baya, ta sake bi, ya sake tsayawa a wurin.

"Auta, kunna min wuta."

"Inna, Yaya ya ce..."

"Yayanki na haifa ko shi ya haife ni? Kunna."

Na kunna. Ta ɗauko tsohon kofinta na awo, ta auna shinkafa kamar kullum, ta wanke ta juye. Sai ta sa yatsanta a kan ɗan tudun nan na ciki, ta ɗauki moɗa da ɗaya hannun tana tsiyaya ruwa a hankali, fuskarta tana kallon bango. Ruwan yana taɓa yatsan ta tsaya. Ta sa gishiri ta rufe.

Ni dai ina tsaye ina kallo. Ko sau ɗaya ba ta leƙa cikin tukunyar ba.

"Inna," na ce, "ba kya gani ne?"

Ta ce, "Ina ganin ki kamar ta bayan labule. Ya kai shekara biyu. Ruwa a tukunya kuwa ban san iyakarsa ba sai da hannu. Waccan ta yayanki santsi ce ko'ina, babu inda zan kama. Wutar gas ɗin nan ma da rana ba na ganin ta, shi ya sa ran nan na zaci na kashe."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa ku ce na makance, ku kwashe ni tun ba yau ba? Gara ku ce na rikice, ko banza na ƙara kwanaki a ɗakina."

Na zauna a kan turmi na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba. Muna tare da ita kullum, ina ɗinka wa mutanen gari kaya da zare siriri, amma ban lura uwata bango take bi zuwa kicin ba.

Yara suka dawo daga makaranta, Yaya ma ya shigo duba ko an gama ɗaurin kaya. Inna ta sauke tukunya ta buɗe. Shinkafa ta yi wara-wara, kowace ƙwaya da kanta. Ƙaramar 'yata ta cika baki ta ce, "Inna ta tuna!" Yaya ya ci loma ɗaya, ya dube ni. Na ja shi waje na gaya masa komai. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba, ranar sai da ya jingina da bango ya rufe fuska da hula.

Motar da ya shirya don kwashe kaya, da ita ya kai Inna asibitin ido. Suka ce yanar ido ce ta rufe mata gani, kuma ana cirewa. An yi wa ɗaya aiki, ɗayan yana jiran lokacinsa. Kayan da aka ɗaure ni da matar Yaya muka kwance, muka mayar da kowanne inda yake. Kafin ido na biyu ya samu, ni nake kunna wuta in kashe, ita kuma ta yi girkinta. Ko yanzu da take ganin ruwan, sai ta sa yatsan.

Da na sami sarari na zuba shinkafar a kwano mai murfi na nufi bayan kasuwa. Mai zubin yana hango ni ya miƙe, ya fara kare kansa tun ban ƙaraso ba.

"Hajiya, na ce ki kawo in sake zubawa, ba sai an yi faɗa ba."

Na miƙa masa kwanon. "Inna ce ta ce a kawo maka, kai da baba mai wili. Ta ce a gaya maka ta gode da ka bar mata idonta a cikin tukunya."

Ya karɓa yana kallona, bai gane ko ɗaya ba. Na zauna a kan wani buhun gwangwani, na ce ya ci tukuna, zan ba shi labari.