Darasin Jan Kabeji

Malama na ɗiga lemun tsami a kofin farko, ruwan jan kabejin da ta dafo daga gida ya koma jajawur. Aji ya kaure da sowa.

Yau ce ranar gwajinta. In shugabar makaranta, wadda ke zaune a bencin baya, ta gamsu, aikin koyar da kimiyya ya zama nata. In ba haka ba, ta koma zaman jira a gidan yayanta. Jiya aka ce mata mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ya yi tafiya da makulli a aljihu, shi ya sa ta biya kasuwa.

"Malama, siddabaru ne?" in ji wata doguwar ɗaliba.

"Ko kusa," Malama ta ce, dariya na neman ƙwace mata. "A kowane ruwa akwai haidurojin da haidurokisaid. Kamar sikelin mahauci suke, wannan ya yi sama, wancan ya yi ƙasa. In sun yi kunnen doki, pH, wato lambar awon tsami, bakwai ke nan. Lemun tsami ya ƙara haidurojin, sai lambar ta faɗo."

"Abu ya ƙaru, lamba kuma ta ragu?"

"A juye take tafiya. Kuma daga huɗu zuwa uku, haidurojin ya ninka sau goma ke nan."

Ta zuba ruwan sabulu a kofi na biyu, ya zama kore shar. Nan fa aka shiga zazzage jaka: lemon kwalba, man goge baki, har da mai cewa a gwada guminta. Malama ta manta da shugaba sarai, tana tsalle daga kofi zuwa kofi, alli har a goshi.

Shugaba ta miƙe. Ta tako gaba, ta ciro maganin ƙwannafi daga jakarta, ta murƙushe cikin jan kofin. A hankali launin ya fara komawa shuɗi.

"Me ya faru?" ta tambayi ajin.

"Haidurojin ya ragu, pH ya hau, ranki ya daɗe," in ji doguwar. "A cikinki ma haka yake yi."

Shugaba ta cije leɓe, tana danne dariya. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Malama, Litinin ki zo da wuri. Kuma don Allah a buɗe tagogi. Warin kabejin nan sai ya kai ofishina."