Raƙumin Busra

Kowa da irin tasa haukar, ta Maharazu kuwa tsoffin kuɗin Rumawa ce. Ba ma na zinariya ba, balle mutum ya ce ya gane dalili. Na tagulla ne, irin waɗanda garuruwan da ke ƙarƙashin mulkin Rum suka riƙa bugawa don cefanen kasuwanninsu. Da rana yana ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Dubai, da yamma ya dawo gidansa na Al Nahda ya jawo akwatin katako, ya yi ta juya sulalla masu koren tsatsa kamar mai tsintar shinkafa. Ya sha gaya wa matarsa Mahfuza cewa tsatsar nan ita ce darajar abin. Ita dai sai ta ce Allah ya ba shi lafiya.

Wanda ya fi so a cikinsu na garin Busra ne ta ƙasar Sham, gefe ɗaya kan wani sarki, ɗaya gefen raƙumi. Shi ne kuma ya nema ya rasa bayan sunan ɗansa na fari, Idris.

Ranar sunan maza sun cika falo, shi kuwa da ɗokin nuna kaya ya fito da akwatin. Sulen ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, kuma iya tunaninsa a hannun Sabo ya gan shi na ƙarshe. Sabo abokinsa ne tun firamare a Gwammaja, yanzu yana aikin tura kayan 'yan kasuwa daga kasuwar Deira ta Dubai zuwa Kano. Shi ya tarbi Maharazu a filin jirgi farkon zuwansa, suka raba katifa ɗaya har ya samu aiki. A wajen sunan Sabo ya ɗaga sulen yana tambaya ko raƙumin nan zai iya biyan kuɗin kwantena, kowa ya yi dariya. Yanzu da Maharazu ya tuna, sai dariyar ta daina ba shi dariya.

An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma Maharazu ya san haka sarai. Sanin bai hana shi komai ba. Ya tuna Sabo ya yi ta kukan kasuwa ta tsaya, ga shi kuma ya ga sabuwar waya a hannunsa. Ya kira shi ya sako zancen sulalla a kaikaice, Sabo ya ce kwastoma na jiransa, ya kashe. To, me ya sa ya yi saurin kashewa? In Sabo ya yi fara'a, sai ya ce borin kunya ne. In ya yi shiru, sai ya ce alhaki ne ke cinsa. Abin yana masa ciwo ƙwarai, domin ba sulen kaɗai yake jin ya rasa ba.

A gida bai gaya wa kowa ba. Mahfuza na jego, ga kuma Gwaggo Mero, ƙanwar mahaifinta, da ta zo daga Kano don yi mata wanka. Ina zai ta da zancen ɓatan kaya gaban suruka, ta ɗauka da ita yake? Ko jaririn ma ba ya ɗauka in tana kusa, saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya leƙa fuskarsa cikin zani ya wuce.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya hau kwale-kwalen abra ya tsallaka Deira, wajen wani tsoho ɗan Siriya mai sayar da kayan tarihi. Ya tambaye shi ko an kawo masa sule mai raƙumi. Tsohon ya ce a'a. Da ya tsaya nan, da shi ke nan. Amma sai da ya ƙara da cewa in wani dogon ɗan Najeriya mai tabo a gira, mai aikin tura kaya, ya kawo, a kira shi. Tsohon ya dube shi ta saman tabarau, ya ce insha Allah.

Ranar da aka kai Idris rigakafi, shi ya kai su. Nas ta kwance wa yaron kaya, ta tarar da ƙyalle ɗaure a cikinsa. Tana warwarewa wani abu ja mai sheƙi ya faɗo kan gado. Maharazu ya ɗauka, ya ga raƙumi.

Gwaggo Mero ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ta ce cibiyar yaron ce ta ga tana turowa, kuma tun kaka da kakanni kwabo ake ɗaurawa ta koma. Kuɗin garin nan duk farare ne, ita kuwa jan kwabo ta sani, sai ta ga wannan a kan tebur da aka watse daga suna.

"Duk ya yi kore, ɗan nan, ko taɓa shi ba ka so," in ji ta. "Sai da na sa lemon tsami da tokar kaskon turare na dirje shi sosai kafin ya fito."

Mahfuza ta riƙe baki, don ita duk zatonta daga gida Gwaggo ta zo da kwabonta. Nas ta ja kunne kada a sake ɗaurawa. Maharazu ya dubi tsatsar ƙarnuka da aka kankare tas, ya ce wa Gwaggo an gode, Allah ya saka da alheri. Abin mamaki, sanyi ya ji a ransa. Ashe Sabo bai ɗauka ba, kuma tun da bai taɓa furta masa komai ba, yana ganin asirinsa a rufe yake.

Washegari ya nufi shagon Sabo da fara'arsa, ya same shi tsakanin katan-katan yana liƙa sunaye. Ya ba shi labarin cibiya yana dariya. Sabo ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi ke tura wa tsohon nan ɗan Siriya kaya, kuma tsohon ya gaya masa an bar sallahu a kansa.

"Da ni ka tambaya, Maharazu, da na rantse maka, mu yi faɗa mu shirya. Amma ka je ka siffanta ni wa baƙo har da tabon girata."

Maharazu ya ba da haƙuri iya iyawarsa. Sabo ya ce khalas, ya wuce, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ya ma yi alkawarin zuwa ranar arba'in.

Ya kuwa cika alkawari. Ya zo da kayan jarirai, ya gaida Gwaggo, ya tsokani Mahfuza, suka zauna a falo su biyu suna hirar 'yan ajinsu, har Maharazu ya fara jin komai ya koma daidai. Ya miƙe zai ɗauko shayi a kicin, sai ya ga Sabo ma ya miƙe yana neman takalmansa. Ya tambaye shi ina zuwa, ko abinci ba a kawo ba.

"Ba tafiya zan yi ba," in ji Sabo. "Zan tsaya a waje ne, kada a bar ni ni kaɗai da kayanka. In ka dawo ka kira ni."

Ya fita ya ja ƙofar a hankali. Maharazu ya tsaya tsakiyar falonsa, yana jin takun abokinsa a baranda yana kai da kawowa.