Jakar Inna a Bayan Sil

Kwana uku suka shanya ni a wani kamfanin taliya a Sharada, cikin Kano, kafin su ga dama su yi mini lodi. Yau a ce injin ɗaga kaya ya lalace, gobe a ce mai sa hannu ya tafi suna. Shekara goma sha tara ina jan babbar mota, na daɗe da daina ɓata bakina a kan irin wannan. In an ce jira, sai in shimfiɗa tabarma a gindin taya.

A cikin jiran ne na leƙa gidanmu na Ƙofar Na'isa na ɗauko saƙon Inna. Inna ita ta haife ni. Wata biyar ke nan tana Abuja, a Kurudu, wajen ƙanwata Safiyatu, saboda zaryar asibiti. Ta kira ni a waya ta ce in buɗe akwatinta na ƙarfe, can ƙasa zan ga wata jaka ruwan toka. Likkafaninta ne a ciki. Shekarar da ta sauke farali ta saye shi, ta tsoma shi a ruwan Zamzam, ta shanya a can, ta ninke abinta. Shekara goma sha ɗaya yana ajiye.

"Saleh, a cikinsa nake so a sa ni," in ji ta. "Kada ka ba kowa saƙo. Kai za ka kawo."

Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce ƙato da ni, har da furfura, amma ina tsoron farin yadi.

Ta kuwa faɗi gaskiya. Na ajiye jakar a bayan kujerata, sai na ji ƙeyata ta yi nauyi. Mu direbobi akwai camfi, kowa da irin nasa, kuma ban san wanda zai so ya hau titin Kaduna da likkafani a bayan kansa ba. Da aka gama lodi, kafin a ja ƙofa, na yi wuf na ɗora jakar a kan kwalayen ƙarshe, daidai bakin ƙofa. Aka rufe, aka ɗana sil.

Sil wani ɗan ƙarfe ne mai lamba, bai fi yatsa ba. Lambarsa tana rubuce a takardar kaya. Ba mai yanke shi sai wanda aka kai wa kayan, shi ma sai mota ta ja da baya ta tsaya a bakin sito an ɗauki hoto. Direban da ya yanke da hannunsa, ɓarawo ne ko da ƙwayar taliya ɗaya ba ta ɓata ba. A ƙi karɓar kayan, a karɓe makulli, sunanka ya zaga duk garejin da ka sani. Na san wannan sarai. Cewa na yi, ai da safe zan isa, awa biyu an sauke.

Ƙarfe bakwai na isa siton da zan sauke kayan, a Idu, cikin Abuja. Motoci huɗu na tarar a gabana. Maigadin, wani dogo mai suna Kingsley, ya rubuta lambata ya nuna mini gefen katanga. Wajen tara da kwata Safiyatu ta kira. Muryarta a daidai take, kamar mai karanta sanarwa. Inna ta cika. Za a yi jana'iza bayan azahar, ƙarfe biyu da rabi. Sai ta tambaye ni jakar.

Na ce tana tare da ni.

Ban yi kuka ba. Na yi salati, na sa wayar a aljihu, na lura igiyar takalmina ta kwance, na sunkuya na ɗaure. Daga nan na nufi tagar ofis.

Mai karɓar takardu wata ce Madam Perpetual, mai gilashi, Hausarta irin ta kasuwa. Na yi mata bayani tun daga Zamzam har bakin ƙofa. Ta cire gilashin ta ce, "Wayyo, mama naka ya mutu? Sannu fa, direba." Har ga Allah ta ji abin. Amma ta ce almakashin sil yana cikin durowar Oga Nicholas, manajan sito, shi kuma ya tafi taro a cikin gari. Ta kira shi a gabana. Ina jin muryarsa yana cewa a jira shi, yana hanya.

Kowa a Abuja yana hanya. Ban taɓa kiran babban mutum ya ce yana zaune ba.

Na koma na jingina da ƙofar bodin motar. Rana ta fara dukan ƙarfen. Tsakanina da jakar bai fi kaurin tafin hannu ba. Direbobin da ke gabana suka ji labari, suka zo ɗaya bayan ɗaya suka yi mini gaisuwa, dukansu suka ce sun yafe mini layinsu. Wani ya kawo mini ruwan leda. Na sha, ban ji sanyinsa ba.

Sha biyu ta wuce, ɗaya saura Oga Nicholas ya shigo, waya a kunne, makulli yana lilo a yatsa. Na tare shi na ce minti ɗaya kawai nake roƙo, a yanke, in zaro jaka, a ɗana wani sil ɗin in ana so. Ya saurare ni har ƙarshe, ban ce bai saurara ba. Sannan ya ce kwamfuta ce ke ba da layi, ba shi ba. In ya buɗe mota ta biyar kafin ta ɗaya, daga hedikwata za a tambaye shi. Ya ce kuma me ya kai kayan gida cikin kayan kamfani? Wannan ma laifi ne, amma zai kau da kai saboda rasuwar.

Na ce na gode. Wallahi haka na ce.

Ƙarfe ɗaya leburori suka tafi cin abinci, mota ta farko ko rabi ba a sauke ba. Na buɗe akwatin sifana na ɗauko filaya. Na zaga bayan mota, inda katanga ta kare ni daga ofis. Na sa bakin filayar a kan sil ɗin. Matsa ɗaya ce, ba ta kai ƙarfin fasa goro ba. In na sami tasi nan take, zan iya isa Kurudu a kan lokaci.

Na tsaya a haka. Ba lissafi nake yi ba, ba na tuna 'ya'yana ba, kada in yi wa kaina ƙaryar da za ta wanke ni. Hannun ne kawai ya ƙi. Shekara goma sha tara ana ce masa kada ya taɓa, ya haddace. Ina kallon lambar, huɗu huɗu ɗaya bakwai, har ta daina kama da lamba. Na mayar da filayar mazauninta, na rufe akwatin.

Biyu saura kwata Safiyatu ta sake kira. An gama wanka, liman ya ce ba za a ajiye ta ba, mutane sun taru, ga zafi. Mijinta ya je kasuwar Karu ya yanko farin yadi. Na ce a yi abin da ya dace.

Na yi azahar a gindin mota. Biyu da rabi ina zaune a kan tabarma ina kallon wani lebura yana gyara gammo.

Sai biyar saura aka ce in ja da baya. Aka ɗauki hoto. Oga Nicholas ya sa almakashi, ƙaras, sil ya faɗi ƙasa, wani ya shure shi gefe. Jakar tana nan inda na ajiye ta, ko gocewa ba ta yi ba. Kwali dubu ɗaya da ɗari biyu, aka ƙirga, babu wanda ya yi ciwon kai. Oga ya ce ni direban kirki ne.

A bakin get Kingsley ya ce duk abin da ya fito daga bodi sai da takardar fita. Na koma taga. Madam Perpetual ta kasa haɗa ido da ni. Ta tambaya a hankali me za ta rubuta. Na ce ta sa yadi, fari, guda ɗaya. Ta rubuta, ta buga hatimi.

Na ajiye motar a gareji, na hau tasi. Ana kiran magariba na isa Kurudu, an fara naɗe tabarmin zaman makoki. Safiyatu ta fito zaure. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Na miƙa mata jakar, ta ƙi sa hannu.

"Da asuba Inna ta tambayi likkafanin," in ji ta. "Na ce mata kana hanya da shi. Ta ce to, alhamdulillahi."

Na ce to.

Bayan sadakar uku na koma aiki, an ba ni lodin sabulu zuwa Kano. Jakar ba ta da inda za ta, sai na sa ta a bayan kujerata, daidai ƙeya. Tana nan har yau. Duk sati nake hawa titin Kaduna da ita, kuma ko sau ɗaya ban ji komai ba.