Alalar Suwaibatu da Kofunan Kasuwar Yankara

Tun da ciwo ya taɓa hannunta na dama a ƙarshen bazara, Suwaibatu ba ta sake ɗora tukunya da kanta ba. Ta samu sauƙi, tana tafiya, tana hira, amma yatsun sun ƙi kama abu da ƙarfi. Hamida, matar ɗanta, ita ta karɓi girkin gidan. Suwaibatu kuwa sai zaman gindin darbejiya, tana kallon gajimare yana ratsa saman garinsu Mairuwa a hankali kamar garken tumaki da suka ƙoshi.

Abin da ta fi kewa shi ne alala. A da, duk unguwar an san alalarta. Amma gwangwanin madara da take dafawa a ciki aikin hannu biyu ne: ɗaya ya riƙe da zafinsa, ɗaya ya zagaya da wuƙa. Ga kaifin baki, ga tsatsa. Ta taɓa gwadawa a ɓoye, gwangwanin ya suɓuce ya yanke ta, ba ta gaya wa kowa ba.

Wata ranar kasuwa mijinta Ɗanliti, mai sayar da awaki, ya dawo daga Yankara da la'asar, ya ajiye leda a kan tabarmarta. Ta zazzage. Wasu ƙananan kofuna suka zubo ba ƙara, ja da kore da ruwan ɗorawa, bakinsu a lanƙwashe kamar fure. Ta matsa ɗaya, ya lotsa, ta saki ya koma yadda yake.

"Malam, mi ne ne wannan? Kayan wasan yara?"

"Na alala ne, Suwaiba. Mai kayan ya ce sunansu silikon. Ba su yanka, ba su tsatsa, ba su fashewa."

"Roba a kan wuta?"

"Ba wuta ba, turiri. Ya ja mani kunne, kada harshen wuta ya taɓa su."

Ba ta yarda ba sai da ta sa Hamida ta tafasa su a ruwa, ta sunsuna ruwan, ba ta ji warin roba ba. Sannan ta ce a jiƙa wake.

Washegari Hamida ta surfa waken, aka kai markaɗe da attarugu da albasa. Suwaibatu ta zauna gaban murhu, ta haɗa ƙullun da manja da garin busasshen kifi, tana juyawa da hagu. Ta cika kofi na farko, ta ɗaga za ta saka a tukunya, sai ya naɗe a hannunta, ƙullun ya kwarare a zanenta. Ta tsura wa zanen ido, ƙwalla ta cika mata ido.

"Inna, kawo in zuba maki," in ji Hamida.

"Bari, ɗiyata. Abin ba ƙashi gare shi ba, ni kuma na yi gaggawa."

Ta shimfiɗa karan dawa a gindin tukunya, ta jera kofunan babu komai, suna tokare da juna, sannan ta bi su da ludayi tana cikawa. Ɗaya ya gangara bakin murhu ba ta lura ba. Kafin Hamida ta janye shi, gefensa ya yi fari ya farfashe kamar toka. Suka jefar da shi.

Da aka rufe tukunya, Suwaibatu ta jingina da bango. Iskar damina tana kaɗa ganyen masara a bayan katanga, turiri yana fita ta gefen murfi yana shafar fuskarta. Idanunta suka yi nauyi. Ta ga kanta ƙarama a gidansu na Yargoje, mahaifiyarta tana naɗe ƙullu a ganye tana waƙa ƙasa-ƙasa. Sai tsakar gidan ya zama tafki, kofunan nan suna yawo a saman ruwa kamar furen bado, ja na bin kore. Ta miƙa hannun dama, ya buɗe ya rufe ba nauyi, ta tsinko ɗaya, ta tsinko wani, mahaifiyarta tana dariya daga gaɓa tana cewa ta bar wa gobe saura.

Yayyafi ne ya tashe ta. Ƙamshi ya cika gidan. Hamida ta sauke tukunyar zuwa rumfa, suka jira ta sha iska. Suwaibatu ta ɗauki kofi ɗaya, ta kifa a faranti, ta danna gindinsa da babban yatsan hannun nan mara ƙarfi. Alalar ta sulalo sumul, da zanen furenta, ko gutsure bai maƙale ba. Ta daɗe tana kallonta. Ta ɗauki na biyu.

Ɗanliti ya shigo yana kakkaɓe hula. Da aka miƙa masa faranti, ya juya shi hagu da dama.

"To, wanga ci za a yi ko ado?"

"Ci dai, Malam. Ni na fidda ta da hannuna."

Ya yi bisimilla, ya ci uku a jere, kansa a sunkuye.

Wankin kofunan ne ya ba su wahala. Maiƙo ya ƙi fita sai da ruwan zafi, manja kuma ya rine korayen har abada. Bayan kwanaki Hamida ta ɗauke su ta gasa kek a cikin tukunyar yashi saboda baƙi, sai ga kek yana tashin albasa da kifi. Baƙin suka ci don kara, matan biyu kuwa suka shige ɗaki suna dariya har da riƙe ciki. Daga ranar aka bar kofunan ga alala kaɗai.

Hannun bai warke duka ba. Amma duk Juma'a da hantsi Suwaibatu takan jawo kujerarta gaban murhu, ta jera kofunanta, maƙwabta kuma suka koma aiko da kwano ta kan katanga.