Kofin Ruwan Don Eulogio

"Doña Casilda, sauko daga kujerar nan kafin ki karye mana!"

Ban sauko ba. Ina tsaye a kan kujera, hannuna cikin 'yar tagar da ke tsakanin gidana da ɗakin Don Eulogio, ina ba tsohon ruwa a kofin gwangwani. Ɗansa Wilfrido ne mai maganar, ya shigo ya ritsa mu. Ya fizge kofin daga bakin ubansa, ya wurgo mini shi ta tagar.

"An ce a rage masa ruwa, zuciyarsa ba ta ɗauka."

"Maƙaryaci! Wannan maganar bara ce. A gabana Likita Yolima ta canza ta."

A gabana kuwa aka yi, don ni na riƙe tsohon a mota har asibitin Magangué. Likitar ta tsunkuli fatar hannunsa, fatar ta tsaya cak, ta ƙi komawa. Ta ce in tsoho ya kai ga cewa yana jin ƙishirwa, to jikinsa ya daɗe da bushewa. A dakatar da maganin sa fitsari har zafi ya sauka, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a fitar da shi daga ƙarƙashin rufin kwano da rana. Wilfrido ya ce, "To, likita," yana danna waya.

Maganar gaskiya, wanda ya sha ruwa sai ya yi fitsari, sai an ɗaga shi, sai an wanke zanin gado. Wilfrido kuwa bayansa ba ya ciwo wurin ɗaukar akwatin giya, sai wurin ɗaga mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kogi yana kama kifin ciyar da shi.

Washegari ya buga katako a tagar. In zai fita sai ya garƙame ƙofa da kwaɗo. Da rana ta take, sai in ji tsohon yana ƙwanƙwasa bango da cokali, ni kuma ina tsaye da ruwan mazarƙwaila da lemun tsami a hannu, ba hanyar miƙawa. Na je asibiti na kai ƙara, aka ce za a turo mutum ranar Litinin. Ranar Asabar da tsakar rana cokalin ya yi shiru.

Ban yi kuka ba. Haushi ya hana ni.

Ni ce mai jan addu'ar mamata a unguwarmu, saboda haka dole Wilfrido ya zo ƙofata, ya sa farar riga, ya marairaice fuska. Na amsa. Muka shirya teburin addu'ar kwana tara a falonsu: farin ƙyalle, hoton marigayi, furanni, kyandir, da kofin gilashi na ruwa domin ran mamaci ya zo ya sha kafin ya wuce. Kowa ya san yadda abin yake. Ruwan ya ragu, to ya sha, ya tafi lafiya. Wilfrido da kansa ya cika kofin a gaban mutane, har da sharar hawaye. Sai lokacin ya san hanyar randa.

A zafin garinmu ko wa ya ajiye ruwa sai ya ragu. Wannan bai ragu ba. Kullum da safe ina shiga canza furanni, da 'yar kwalbar ruwa a cikin jakar carbina, in mayar da shi daidai baki.

Doña Petrona mai sayar da rogo ce ta fara lura. Ta sunkuya ta leƙa kofin, ta yi alamar gicciye.

"Jama'a, bai taɓa ba fa."

"Wataƙila ba ya jin ƙishirwa," in ji wata.

"Ko kuma hannun da ya zuba ne ba ya so," na ce, ina gyara kyandir.

Kafin yamma zancen ya kai bakin kogi. Abokan shan giyar Wilfrido suka daina zama kusa da shi. Mata suna shigowa su wuce shi, su tafi kai tsaye wurin kofin. Wilfrido ya canza gilashi, ya sayo ruwan roba, ya sa ƙanƙara. Har zare ya ɗaura don ya gane inda ruwan ya tsaya. Na bi zarensa na cika.

Rana ta tara, falo cike, za a kwashe tebur, ya riƙo gefen rigata. Ya rame, leɓɓansa sun tsattsage.

"Doña Casilda, don Allah, me ya sa ya ƙi sha?"

"Ni za ka tambaya, ɗan nan? Gaya masu abin da likita ta ce."

Ya dubi kofin, ya dubi jama'a, sai ya durƙusa ya faɗi komai da bakinsa, har katakon da kwaɗon. Ba wanda ya ɗaga shi. Doña Petrona ta ɗauki gilashin ta kai bakin titi ta zubar, muka watse ba tare da shan gahawar da aka saba ba.

Na koma gida na cire takalma. A gindin bangon, ƙarƙashin tagar da aka toshe, kofin gwangwanin da na cika tun ranar jana'iza yana nan inda na ajiye shi. Saura ɗan kaɗan a ƙasansa.