Kwamfutar da Ta Ƙi Magana

A ofis sun daɗe da daina ce masa Injiniya, sai Mai Haƙuri, duk saboda kwamfutar cinyarsa. Ƙwaƙwalwar da ke cikinta ba irin ta sauran kwamfutoci ba ce, ta fi kama da ta wayar hannu. Ya kuma cire manhajar da ta zo da ita, ya sa wadda 'yan sa kai ke rubutawa, wadda kowa ke iya buɗewa ya gyara. Ba ta zafi, ba ta ƙugi, caji ɗaya ya kai ta yini. Amma kullum da abin da za ta ƙi. Yau firinta, gobe majigi ana tsakiyar taro, abokan aiki na duba agogo shi yana sharce gumi.

Sauti ne ya fi cin ransa. Waɗanda suka ƙera ta ba su bayyana yadda lasifikarta ke aiki ba, sai shi da wasu mutanen da bai taɓa gani ba suke ta lalube a intanet. Ya gaji, amma duk sanda ya yi niyyar jefar da ita sai wani ya turo sabon gyara.

Ranar da babbar 'yarsu ta haihu a can nesa inda take aure, matarsa ta ɗauko waya.

"Maman yara, allon nan ya yi wa idonki ƙanƙanta," in ji shi. "Zo mu kira a kwamfuta. Da safen nan ma ta yi magana."

"Da safe dai," ta ce, amma ta jawo kujera.

Hoto ya fito tangaran. Ga 'yarsu, ga jariri cikin tawul ya wage baki yana tsala kuka. Ko ƙis ba su ji ba. Ya danna nan, ya rubuta can, ya kashe ya kunna. Shiru.

"Baban yara, jikana nake so in ji, ba ƙarar yatsunka ba."

Ta shige ɗaki da wayarta. Ta bango ya jiyo kukan, siriri, da dariyarta a kai. Ya zauna ya rubuta wa 'yan sa kan abin da ya faru dalla-dalla. Wani ya amsa: tawa ma haka take yi.

Ko da ya shiga ɗakin, jariri ya yi barci.

"Baba, duk ka faɗa," in ji 'yarsa ta cikin wayar. "Har yanzu kana fama da amaryar taka, kwamfuta?"

"Ana dai lallaɓawa."

"In tashe shi ka ji muryarsa?"

"A'a, bar shi ya huta," ya ce, ya zauna a bakin gado ya cire tabarau yana murza ido.