Mukullin Yana Aljihun Injiniya

Sabon babur ɗin Injiniya Muhyiddeen ya iso Challawa ranar Laraba da hantsi, a bayan akori-kura, an naɗe shi da bargo sai ka ce jinjiri. Kafin a gama sauke shi, rabin ma'aikatan kamfanin jimar fatar sun baro aikinsu sun yi masa zobe. Kowa da bakinsa. Mutumin da ko keke bai mallaka ba, ranar nan shi ma masani ne.

Ɗayyabu kaɗai ya yi gum, alhali shi ya fi kowa haƙƙin magana. Shi ne ɗan aiken kamfanin, shi yake wanke tsohon babur ɗin Injiniya, shi yake hawansa zuwa Bompai ko Dakata in an ce a sayo kayan gyara. Tsohon nan ya sha doguwar hanya, ya je Jos ya je Maraɗi, kuma Ɗayyabu ya san tarinsa ya san fushinsa. In ya yi gardama, mutum biyu su tura shi, sai ka ji ya kama. Jiya aka sayar da shi, kuma har ga Allah abin ya sosa masa rai.

Sabon kuwa ya fi tsohon tsayi, ya fi shi ƙiba, kujerar baya kamar ta falo. Inda allurar gudu take a da, yanzu gilashi ne irin na waya. Da Injiniya ya tayar da shi, ba wannan rugugin da ke korar awaki, wani gurnani ne can ƙasa-ƙasa.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗayyabu bayan ya gama leƙe-leƙensa, "ban ga ramin mukulli ba."

Injiniya ya yi dariya, ya zaro wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana daga aljihu. "Ga mukullin. In dai yana kusa, danna nan kawai za ka yi."

"To in aka tayar, aka tafi aka bar shi fa?"

"Zai yi ta tafiya abinsa. Amma duk inda injin ya mutu, shi ke nan. Ko Kano duka za ta taru ta tura shi, ba zai tashi ba."

Ya mayar da abin aljihu. Babur yana nan yana gurnani, mutane suna ta shafa shi, sai ihu ya tashi daga cikin ɗakin injuna.

Akwai ihun wasa, akwai na faɗa, akwai kuma wanda da ka ji ka san jini ya zuba. Ɗayyabu ya gane muryar tun kafin a fito da mai ita. Lawan ne, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke kan injin kankare nama daga fata. Injin ya ja fatar, ya haɗa da hannunsa na dama. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Abin da Ɗayyabu ya gani daga wuyan hannun zuwa ƙasa, bai sake yarda ya kalla ba.

Motar kamfani ta tafi Na'ibawa. Tirelar gishiri kuma ta tokare bakin ƙofa, direbanta ya tafi neman abinci, ba abin da zai wuce ta gefenta sai mai ƙafa biyu. Injiniya ya ɗaure dantsen da roba tamau.

"Ɗayyabu, hau! Ka fi ni sanin lunguna. Asibitin cikin gari, kada ka tsaya ko'ina!"

Aka ɗora Lawan a baya. Aina'u mai sayar da abinci ta cire mayafinta ta ɗaure 'yan'uwan biyu tare a ƙugu, yadda ake goya yaro. Ɗayyabu ya saki kuloci yadda ya saba yi wa tsohon, sai babur ya yi wani tsalle da ya kusa watsar da su. Ya yi salati, ya matse ta gefen tirelar, ya hau titi.

Sun yi nisa a titin Panshekara kafin ya lura da hoton mukulli yana ƙyaftawa a gilashin. Ya ƙyafta, ya ƙyafta. Sai a nan Ɗayyabu ya tuna. Mukullin yana aljihun Injiniya.

Ya koma? Da jinin da yake ji yana bin cinyarsa da ɗumi? Ina! Gaba kawai. Abu ɗaya ne, kada injin nan ya mutu. Kuma a duk duniya ba wanda yake tsoro a kan wannan kamar babban yatsansa na dama.

Ga dalili. Lawan ne ya koya masa babur, tun zamanin da ake acaɓa a gari. Lawan kuwa mutum ne da in ya ga ɗigon fetur a ƙasa sai ya ji kamar jininsa ne. In yana baya suka tsaya, ko a danja ko a cunkoso, sai ya ɗan bugi kafaɗar ƙanen sau biyu, ma'ana a kashe inji. In aka yi jinkiri, ranƙwashi ya biyo. "Mai ba ruwan kogin Challawa ba ne," haka yake cewa kullum. Shekara da shekaru ke nan, har yatsan ya daina neman izinin mai shi. Ƙafa na taɓa ƙasa, shi kuma ya danna jan madannin kashe inji. Da fetur ya yi tsada kuwa, rabin masu babur a Kano haka suke yi. To ga jan madannin a sabon ma, a daidai inda yake a tsohon.

Ɗayyabu ya tura yatsan ƙarƙashin totur ya danne shi da sauran, kamar mai riƙe ɓarawo.

Hanyar ba ta tausaya musu ba. Ramuka cike da baƙin ruwan kamfanoni, tireloli nan da can, adaidaita sahu suna kutsowa ta inda Allah bai nufa ba. Tsohon babur da ya taho kowa ya ji shi ya kauce. Wannan munafukin ba ya magana, sai ka zo kan mutum sannan ya waiwayo. Ga nauyi, ga tsayi, in ya rage gudu da ƙyar yatsun ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Duk sanda injin ya ɗan yi ƙasa da murya, sai zuciyarsa ta yi ƙasa tare da shi, ya matse kuloci ya murɗa totur yana ya Hayyu ya Ƙayyum.

"Yaya, kana ji na?"

"Ina ji," in ji Lawan a bayan kunnensa. "Ka bi a hankali da kayan mutane."

A wata mahaɗa wani ma'aikacin hanya ya sha gabansu. Kafin ma ya yi magana hannunsa ya kai inda mukulli yake zama, don ya zare. Ya lalubo, ya sake lalubowa, babu. Sai idonsa ya faɗa kan mayafin da ya rine ja. Mutumin ya ja da baya, ya busa usur, ya tsayar da motoci da hannu biyu yana cewa, "Wuce, wuce, Allah ya ba shi lafiya!" A nan ne kawai Ɗayyabu ya ji ya gode wa wanda ya ƙera babur ɗin.

Suka shiga Sharaɗa. Yanzu saura kaɗan. Amma a daidai layin dogo wata tirela ta lalace a gicciye, ta gaba ba ta gaba, ta baya ba ta baya. Masu babur suna jira a ɗan matsa wata motar siminti su bi ta gefe, kuma har yaran motar sun fara ba direban hannu. Kowa ya kashe injinsa yana jira. Ɗayyabu ya tsaya a tsakiyarsu, kuloci a matse, hannun hagu na zogi, gumi na shiga masa ido.

Sai ya lura kan Lawan ya yi nauyi a kafaɗarsa.

"Yaya?"

Shiru.

"Yaya Lawan! Don Allah ka yi magana!"

Shiru. Tsoron da ya kama shi a nan bai taɓa sanin irinsa ba. Ya tuna Ma'u matar Lawan da tsohon cikinta, ya tuna tsohuwarsu a ƙauye, ya rasa ta bakin da zai fara faɗa musu. Ba ya iya juyawa, mayafi ya ɗaure shi. Ya daina jin hon, ya daina ganin motoci, duk jikinsa ya koma bayansa yana neman ko numfashi ɗaya.

Can sai ya ji hannun hagun Lawan ya ɗago a hankali, ya sauka a kafaɗarsa. Ya buga. Ya sake bugawa.

Yana da rai! Alhamdu lillahi, yana da rai! Daɗi ya kwance wa Ɗayyabu duk jijiyar da ya ɗaure, kuma kafin tunaninsa ya iso, yatsan ya riga ya yi abin da aka koya masa.

Gurnanin ya ɗauke.

A daidai lokacin motar simintin ta matsa, hanya ta buɗe, babura suka tashi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗayyabu ya danna madannin tayarwa. Ya danna da ƙarfi, ya danna a hankali, ya danna da bisimilla. Hoton mukulli kawai yake ƙyafta masa.

"A tura masa! Ku zo a tura!" Mutanen kirki suka taru a baya.

"Ba zai tashi ba," in ji shi. "Wallahi ba zai tashi ba."

Ya zame ƙafa ya sauka da wansa a goye, ya saki babur ɗin da ya fi gidansu tsada ya kife a kan tsakuwa. Ko waiwaye bai yi ba. Ya bi tsakanin tireloli da gudu, ƙafafun Lawan suna jan ƙasa, har ya tsallaka layin dogo. Wasu mata suka sauko daga adaidaita sahu suka ba su wuri. Mai adaidaitan ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa, amma ƙafa uku ba ta bin inda ƙafa biyu ke bi. Duk lungun da Ɗayyabu ya yi niyyar ratsawa, haka suka wuce shi yana kallo, suka bi babban titi suka shiga wani cunkoson. An kira azahar suna hanya.

Likitar da ta fito wajensa da la'asar ba ta yi kwana-kwana ba. Ran ya tsira. Hannun kuwa ya daɗe a ɗaure ba jini, dole aka cire. "Da kun riga haka isowa," ta fara, sai ta kalli fuskarsa ta bar maganar a nan.

Injiniya ya zo da mukullin a tafin hannu, idonsa jawur, yana cewa laifinsa ne. Wani mai shayi ya tsare masa babur ɗin, madubi kawai ya fashe.

Washegari da safe Lawan ya farka sosai. Ma'u tana gefe tana share ido da bakin hijabi. Ya daɗe yana kallon farin bandejin da ya ƙare inda bai kamata ya ƙare ba, sannan ya juyo.

"Ɗayyabu."

"Na'am, Yaya."

"Kamar a mafarki, na ji mun tsaya, inji yana ta cin mai a banza. Ni na ce ka kashe, ko?"

Ɗayyabu ya kalli hannun hagun da ke kwance a kan zanen gado, shi kaɗai ya rage wa mutumin da zai ciyar da gida.

"Haba Yaya, kai da ba ka san inda kanka yake ba? Da kansa ya mutu. Sabon nan kyan ido ne kawai, wallahi tsohon ya fi shi."

Lawan ya lumshe ido, ya saki dogon numfashi. "Ai na faɗa," ya ce. "Kayan yanzu ba su da ƙarko."

Ɗayyabu ya gyara masa matashi, ya fita baranda, ya zauna a ƙasa ya yi kukansa.